Wankin gida a ƙasar waje: a faɗa wa amare da angwaye gaskiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan abin da wasu za su ga bai kai a rubuta shi a jarida ba, wato wanki. Na zauna da maigidana da 'ya'yanmu a Manchesta ta ƙasar Ingila lokacin da yake karatun digirinsa na uku. Tun da muka dawo Kano nake ganin ana kai 'yan mata aure ƙasashen waje, ana yi musu nasiha a kan haƙuri da girki da kwalliya, amma ban taɓa jin wata gwaggo ta zaunar da amarya, balle ango, ta tambaye su wa zai riƙa wanke kayan gidan ba. Da ka ɗago maganar sai a ce ai can inji ne yake yi.

A nan Kano wankin gida ɗaya hannu da yawa ne a kansa, shi ya sa ba ma jin nauyinsa. Mai wanki da guga ya zo ya ƙirga kayan maigida, ya ƙulle su a zani, ya dawo da su a ninke. Almajirin gida ya wanke kayan makarantar yara. Mai ga-ruwa ya turo kurarsa har ƙofar gida. Shadda in ta dusashe a kai wa masu bugu a Ƙofar Mata, hula kuma tana da nata masu wankin. Sai babbar mai taimako da ba a biyanta ko sisi, wato rana: ki yi shanya da hantsi, kafin la'asar kin kwashe. Duk waɗannan, in aka sauka a Ingila, a kan mace ɗaya suke taruwa.

Inji yana wankewa, ban musa ba. Yawanci a kicin yake, cikinsa ba wani girma ba, kuma zubi ɗaya yakan ci awa biyu ko fiye. Amma wahalar ba a nan take ba, a shanya take. A watan Disamba rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba, Manchesta kuwa garin yayyafi ne, sai a yi kwanaki sama a rufe. Gidajen haya da yawa na bene sun hana shanya a baranda. Don haka cikin ɗaki ake baza kaya, a kan ɗan ƙarfen shanya mai naɗewa, da bayan kujeru, da ƙofofi, da ƙarfen ɗumama ɗaki. Wandon yaro sai ya kwana biyu bai bushe ba, in ya bushe ma da warin danshi. Kafin wannan zubin ya tashi wani ya taru.

Ruwan da ke fita daga jiƙaƙƙen kaya kuma ba ɓacewa yake yi ba. Yana kwanciya a gilashin taga da bango, bayan 'yan makonni ki ga baƙar fumfuna ta fito a lungun ɗaki da bayan gadon yara. Wannan ba maganar ƙazanta ko tsabta ba ce kawai, maganar rai ce. A Rochdale, nan kusa da inda muka zauna, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan Sudan ne, ya rasu a Disamba 2020, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Iyayen sun sha kai ƙara ba a gyara ba, laifin ba nasu ba ne. Amma duk uwar da ta ji labarin tana shanya a ɗakin da 'ya'yanta suke kwana, sai da gabanta ya faɗi. Ki buɗe taga iska ta shiga, sanyi ya kama yara. Ki rufe, danshi ya zauna. Ki kunna injin busarwa, in ma akwai shi a gidan, mita ta zuƙe kuɗin, musamman daga 2022 da farashin wuta da gas ya yi tashin gwauron zabo. Iyalin ɗalibi mai jiran alawus daga gida ba ya iya wannan kullum.

Su kansu kayanmu ba don can aka yi su ba. Shadda Getzner da aka saya da tsada a Kantin Kwari, in ta shiga injin busarwa ƙyallinta ya tafi ke nan, kuma babu mai bugu da zai dawo da shi. Sabuwar atamfa mai zuba takan rina fararen kayan gida gaba ɗaya. Leshi mai duwatsu dole da hannu, a durƙushe a gefen bahon wanka. Babbar riga kuwa a kan siririn teburin gugarsu, kina goge hannu ɗaya ɗayan yana jan ƙasa, ga sitaci, ga aiki a wuya da ba ya son zafi. In kin kai shagon masu wankin zamani, guda-guda suke caji, da fam, kuma yawancinsu ba su san yadda ake ninke ta ba.

Ga kuma tsarki, wanda mu ba za mu yi wasa da shi ba. Zanin gadon da yaro ya yi wa fitsari, ni ban taɓa samun natsuwar jefa shi inji tare da kayan salla ba sai na fara ɗauraye najasar da ruwa zalla. Wanki biyu ke nan a kan kaya ɗaya.

A can na haifi autana. A gida da wankan jego zan tafi, Hajiyarmu da ƙannena su ɗauke mini komai har arba'in. A can kuwa ba a yi suna ba na miƙe ina kwasar kaya daga inji da ciwo a jikina. A lokacin ne maigidana, Allah Ya saka masa da alheri, ya karɓi guga gaba ɗaya, ya kuma riƙa ɗaukar manyan kaya duk Asabar zuwa shagon injinan haya na unguwarmu, ya zauna har su bushe. Ba kowace ce ta samu haka ba. Na san matan Kano a can da suke kuka a waya, miji yana ɗakin karatu ko wurin aiki tun safe, ya dawo ya tambayi ina farar rigarsa ta Juma'a.

Abin da ke ba ni takaici, mazanmu sun iya wanki. Duk wanda ya yi makarantar kwana ko ta allo ya wanke kayansa da hannunsa shekara da shekaru. Ranar da aka ɗaura masa aure ne yake ajiyewa, don a Kano akwai wanda zai biya ya yi masa. To a inda babu wanda za a biya fa? A cikin Sahihul Bukhari, da aka tambayi Nana A'isha abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Malamanmu suna karanta wannan hadisin, ina so su riƙa kawo shi a wurin ɗaurin aure, a gaban ango da abokansa.

Iyayen amarya kuma, kafin a cika akwatuna da shadda da leshi, a rage, a sa kaya marasa nauyi masu saurin bushewa, sauran a bar mata su a gida. Waliyyi ya tambayi ango kai tsaye: gidan da ka kama yana da wurin shanya? Akwai injin busarwa? In ta haihu wa zai kama mata? Ba rashin kunya ba ne, yadda ake tambayar sana'arsa da asalinsa haka ya kamata a tambayi wannan. Ina kuma roƙon ka, Edita, ka buɗe shafin mata ga 'yan uwanmu da ke Ingila da Amurka da Kanada da Malesiya su rubuto yadda suke fama, domin masu shirin tafiya su ji daga bakinsu tun kafin a buga biza.

Wassalam.

Maman Sadiƙ,
Gwammaja, Kano.