Robar da muke sawa a jiki ma tana cikin lissafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga kan yadda leda da gorunan roba ke toshe magudanan ruwa, kuma ba ni da ja a kansa. Sai dai duk sanda aka tashi zancen roba, a kan wadda ido ke gani ake tsayawa, wato ledar da iska ta maƙale a bishiya da gorar da ke yawo a kwata. Ni tela ne, kuma wadda ba a gani ce ta fi tsaya mini a rai. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili.

Kowane tela ya san abin da ake yi in mai yadi ya rantse cewa kayansa auduga ce zalla. Sai ka yanki ɗan ƙyalle ka kanga masa ashana. Auduga takan ci wuta ta bar toka mai laushi, kana murzawa ta watse. Yadin roba kuwa janyewa yake yi daga wutar, ya narke, ya ɗiga, ya dunƙule ya zama baƙin ƙulli mai tauri da yatsa ba ya iya murƙushewa. Foliyesta da nailan da akirilik duk daga man fetur suke fitowa. Sinadarin da ake yin foliyesta shi ne dai wanda ake ƙera gorar ruwa da shi, kuma yau foliyesta kaɗai ya haura rabin zaren da duniya ke sarrafawa. Mutum zai yi tir da leda a bakin titi, alhali rigar da ke jikinsa danginta ce.

In na buɗe ƙarƙashin allurar keke da yamma zan share, nakan tarar da ƙura mai laushi ta taru a inda zaren ƙasa yake, kuma launinta launin yadin da na wuni ina ɗinkawa ne. Ranar shuɗi shuɗiya, ranar ja jajawur. Wadda ta taru kenan. Wadda ta tashi sama, ni da yaran shago muka shaƙe ta.

Irin wannan shi masana ke kira ɓurɓushin roba, wato duk guntun da bai kai milimita 5 ba, har zuwa wanda sai da na'ura ake ganinsa. Roba ba ta ruɓewa ta koma ƙasa. Rana da gogayya ne ke farfasa ta, tana ƙara ƙanƙancewa, amma tana nan a robarta. Farfesa Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ne ya ja hankalin duniya kan lamarin a 2004, da ya nuna ɓurɓushin a yashin gaɓar teku. A 2016 shi da abokiyar aikinsa suka gwada injin wanki, suka gano cewa wankin kilo 6 na kayan akirilik na iya sakin zarurruka sama da 700,000 cikin ruwa. Wankin hannu ma yana saki. Inda ake tace ruwan datti ana kama mafi yawansu, amma sai su zauna a cikin laka, lakar kuma a wurare da dama akan kwashe ta a zuba a gonaki a matsayin taki. Ga kuma tayar mota. Duk tayar da ta side, abin da ya zaizaye daga jikinta yana kan kwalta, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafi.

An samu ɓurɓushin nan a ramin Mariana, wuri mafi zurfi a teku, an same shi a sabuwar dusar ƙanƙara a Antatika. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na tsaunin Everest, inda binciken da ya fito a 2020 ya nuna an same shi a tsayin mita 8,440, kuma yawancinsa zaren tufafi ne irin wanda masu hawan dutsen ke sawa. Aikin allura da zare ne ya kai can.

Abin da ya kai ƙololuwar dutse ba zai gagara shiga jikin ɗan Adam ba. Likitoci a Italiya sun same shi a mabiyiyar jarirai, daga baya kuma a nonon uwa. A 2022 masu bincike a Holan suka gwada jinin mutum 22, suka samu roba a jinin 17. Sai binciken da ya fito a 2024, shi ma daga Italiya, kan marasa lafiya 257 da aka yi wa tiyatar kankare kitsen da ya toshe jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa. Fiye da rabinsu an samu roba a cikin kitsen, kuma cikin kusan shekara uku da aka bi su, haɗarin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa ya ninka sau huɗu da rabi a wajen waɗanda aka samu robar a kitsensu. Masu binciken da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su yanke cewa robar ce sanadi ba. Haka ya kamata a faɗe shi. Akwai wani lissafi da ya zaga intanet, wai kowa na haɗiyar roba mai nauyin katin banki duk mako. Wasu masanan sun nuna an zuzuta shi matuƙa, kuma ban ga amfanin razana mutane da shi ba tunda abin da aka tabbatar ya isa.

Abin da ke hannunmu kaɗan ne, mafi girmansa kuma shi ne raba roba da zafi. A 2020 masu bincike a Dublin sun nuna cewa fidar jariri ta roba, in aka haɗa madara da ruwan zafi a ciki aka girgiza, tana iya sakin ɓurɓushi har miliyan 16 a lita guda. Shawararsu mai sauƙi ce: a haɗa madarar a mazubin da ba na roba ba, ta huce, sannan a juye. Haka abinci mai zafi, kwanon ƙarfe ko tangaran ya fi masa. Mu teloli kuma mu daina cinna wa ƙyallaye wuta a bayan shago, hayaƙin nan guba ne.

Amma ba zan ɗora wa mai saye laifi ba. Yadin roba ya fi araha, ba ya yamutsewa, yana saurin bushewa, kuma sau da yawa mai sayen bai ma san roba ya saya ba. Matsalar tana can inda ake ƙera ta. A 1950 duniya na yin roba kusan tan miliyan 2 a shekara, yau ta wuce tan miliyan 400. Daga cikin sharar robar da aka tara zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. A ce za a yi ta shara ana barin masana'antu suna ƙara yawan abin da suke fitarwa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A watan Maris na 2022 ƙasashe 175 suka amince a Nairobi cewa za a ƙulla yarjejeniyar duniya kan roba. An zauna a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka koma Jeniba a Agustan 2025 aka sake tashi haka, musamman saboda ƙasashe masu arzikin mai irin su Saudiyya da Rasha da Iran sun ƙi yarda a taƙaita yawan robar da ake ƙerawa.

Ba sai an jira yarjejeniyar ba. Faransa ta kafa doka tun 2020 da ta tanadi a riƙa sa matatar da ke kama zarurrukan roba a sababbin injinan wanki. Nawa roƙon bai kai nan ba ma. A tilasta wa masu saƙa da masu shigo da yadi su rubuta gaskiyar abin da ke cikinsa a jikin kowane bandir, kashi nawa auduga, kashi nawa roba, kuma a hukunta wanda ya yi ƙarya. In kun sake aika wakilinku kan batun roba, Malam Edita, ya tambayi hukumomin kula da ingancin kaya dalilin da ya sa har yanzu sai da ashana tela ke sanin abin da zai ɗinka wa mutane.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani tela mai bibiyar jaridarku