Zafin ɗakin kwano: allon hana zafi sai an iya sa shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Tudun Wada, na haura shekara 20 ina hawa rufi. A ba ni ɗan fili in yi wa masu gini da abokan sana'ata magana tun kafin Maris da Afrilu su riske mu.

Mutum zai kashe kuɗi wajen kwano mai launi da silin na POP, amma da azahar ɗakinsa kamar tanderun burodi, ga wuta ba ta zama balle fanka ta juya. Iyayenmu da suka yi soro da azara ba su san wannan azaba ba, domin ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi. Kwano kuwa da rana ta take, taɓa shi ma sai ka yarfe hannu.

Bara na gwada allon hana zafi a ɗakin tsohuwata Hajiya. Dangin farin soson nan ne da ake samu cikin kwalin talabijin, sai dai ya fi tauri, wani ma an manna masa takarda mai ƙyalli. Falle guda ƙafa 8 ne da ƙafa 4. Na ɗauki mai ƙyallin, mai kaurin inci 2.

Karon farko ni na ɓata aikin, ba zan ɓoye ba. Na auna tsakanin rafta biyu, wato katakan da ke ɗauke da rufin, na yanke sauran duka a kan wannan awon, na danna su har suka taɓa kwano. Alhali na fi kowa sanin katakon tu-bai-fo ɗin kasuwarmu: ɗanye ake sayar da shi, yana bushewa ya karkace. Wani wurin yatsuna biyu na shiga gefen allo. Hajiya ta kwana biyu ta ce, "Kai, wannan abin naka ado ne?"

Sai na sauke duka. Kowane gurbi na auna shi daban, sama da ƙasa, na yanka da zarto mai ƙananan haƙora yadda allon zai shiga da ɗan matsi. Na buga siririn katako a jikin rafta ya zama matokari, ya rage sararin inci 2 tsakanin allo da kwano. Wannan sararin shi ne aikin. Iska ta shigo ta bakin rufi, ta kwashi zafi ta fice ta sama, ɓangaren mai ƙyalli da ke kallon kwano kuma ya mayar da hucinsa. In ka manna shi da kwano, ƙyallin ya tashi a banza. Mahaɗa na bi ta da salatif mai ƙyalli, ramukan iska na sa musu raga saboda ɓera da jemage.

Masu wayarin, don Allah ku ji wannan. Farin soson yana kama wuta, kuma in ya daɗe yana gogar robar waya sai ta bushe ta tsage. A zura waya cikin bututu, a nisanta shi da fitila mai zafi, a kuma rufe shi da silin daga ƙasa. Kicin kuwa ni ba na sa shi ko an biya ni.

Yanzu Hajiya tana ƙailularta a ɗaki, ta daina jan tabarma gindin darbejiya. Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce in yi masa, amma wai in cire matokaran nan a rage kuɗin katako. Na ce ya nemi wani kafintan.

Naku,
Wani kafinta,
Tudun Wada, Kaduna