Yaron da ya makara ba shi ya tsara safiyar gidansu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafinku na wasiƙu in yi magana da shugabannin makarantun firamare da kuma masu ɗaukar ma'aikata. Tsakanin buɗe ƙofar makaranta da sa hannu a rajistar ofis akwai rabin sa'a da kowannensu ke ganin nasa ne. Makaranta ta tsara lokacinta kamar akwai babban mutum a gida wanda ba shi da wani aiki sai kai yara. Ofis ya tsara nasa kamar ma'aikaci ba shi da yaran da zai kai. A gidan da uwa da uba ke tare, sai a raba wahalar. A gidan da mutum ɗaya ke riƙe da komai, a kansa abin ke ƙarewa, daga shi kuma ya gangaro kan yara.

Ni ina cikin irin waɗannan iyaye. Maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar ni da yara uku. Babbar shekararta tara, mai bi mata shida, auta bai cika uku ba. Ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wata ma'aikata, kuma da wannan albashin muke ci, muke biyan haya da kuɗin makaranta. Ba tausayi nake nema ba. So nake a dubi lissafin, domin lissafi sana'ata ce, kuma wannan ba ya fita ko ta ina aka ɓullo masa.

Makarantar manyan biyu ba ta buɗe ƙofa sai bakwai da rabi, kwata ɗaya bayan haka kuma an shiga layi, wanda ya zo daga baya ya makara. Gidan renon auta yana wata hanyar dabam. Ni kuma ana so ƙarfe takwas ta same ni a kan tebur. Idan na fara kai auta, manyan sun makara. Idan na fara kai manyan, ni na makara. Idan na isa da su tun bakwai, sai in ajiye yarinya 'yar shekara tara da ƙanenta a bakin titi gaban rufaffiyar ƙofa, babu babba ko ɗaya a wurin. Wace uwa ce za ta juya ta tafi hankalinta kwance?

Shawarar da aka fi ba ni ita ce in riƙa tashi da wuri. Masu faɗin haka da kyakkyawar niyya suke faɗi, amma ina tashi tun gari bai waye ba, kuma ba tashina ne matsalar ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2016 cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12, mai shekara 1 zuwa 2 kuwa sa'a 11 zuwa 14 a yini. Ke nan idan zan tayar da ɗana ƙarfe biyar, dole ya kasance ya yi barci kafin takwas na dare. Ni da nake shigowa gida wajen shida, in ɗora girki, in zauna da su kan aikin gida, in yi musu wanka, in wanke kayan makaranta in goge, ta yaya takwas za ta same su a kan gado? Duk minti ɗaya da na ƙara wa safiya, daga barcin yaro na yanko shi. Sai ya je aji yana gyangyaɗi, a rubuto mini a littafinsa cewa ba ya mai da hankali.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda kuma ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne abin da safiya ke mayar da babbar 'yata. Wata rana na fito daga ɗaki da auta a kafaɗa yana kuka, sai na tarar da ita durƙushe tana ɗaura wa ƙanenta igiyar takalmi, littafin lissafinta a cije a baki don kada ta manta shi, safarta ɗaya a ƙafa ɗaya a aljihu. Ba ni na sa ta ba. Ta dubi fuskata ne ta gane lokaci ya ƙure. A ranar mun isa an riga an shiga layi, aka tsayar da ita a ƙofa tare da sauran makararru, aka rubuta sunanta. Da yamma ba ta yi ƙorafi ba. Cewa ta yi, "Mama, gobe ki tashe ni kafin su, zan yi sauri." Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a gidan da safiyar nan ita aka hukunta, kuma ta ɗauka laifinta ne. Tun tana ƙarama tana koyon cewa nata barcin da nata wasan su ne abin da ake fara sadaukarwa. Wannan darasin ba na so ta haddace shi.

Kada a ɗauka maganar gida ɗaya ce. Rahoton hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019 ya nuna cewa a cikin gidajen da mahaifi ɗaya ke riƙe da yara, kusan kashi 84 cikin ɗari uwa ce ke riƙe da su. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da iyali da ba a biyan kowa a kansa. A watan Agustan 2024, babban jami'in lafiyar jama'a na Amurka a lokacin, Dokta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman kan matsin da iyaye ke ciki, inda ya ce kashi 48 cikin ɗari na iyaye sun bayyana cewa a mafi yawan ranaku damuwa tana fin ƙarfinsu, alhali a sauran manya kashi 26 ne. Wannan fa har da masu abokin zama. Akwai kuma iyaye maza da ke cikin halin da nake ciki, da matan da mazajensu ke aiki a nesa. Ina ganinsu a ƙofar makaranta, muna gaisawa a tsaitsaye, kowa idonsa na kan agogo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya sani. Sai dai mai cewa "ki nemi 'yan uwa su taimaka" ya tuna cewa aiki ya raba da yawa daga cikinmu da dangi, kuma su ma dangin suna da tasu safiyar.

Ga masu ɗaukar ma'aikata, roƙona rabin sa'a ne. A bar ni in fara takwas da rabi in tashi rabin sa'a bayan kowa, ko in rage hutun rana. Ba a rage wa wurin aikin ko minti ɗaya ba. Wannan ba sabon abu ba ne a duniyar ƙwadago. Tun 1981 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 156 kan ma'aikata masu nauyin iyali, wadda ta ce nauyin iyali shi kaɗai ba hujjar korar mutum daga aiki ba ne. A Birtaniya, daga watan Afrilun 2024, ma'aikaci yana da haƙƙin neman a sassauta masa lokacin aiki tun ranar da ya fara, kuma dole a ba shi amsa cikin wata biyu. Ana iya ƙin amincewa, amma sai da dalilin da doka ta sani. Abin da ya burge ni a nan shi ne an fitar da maganar daga hannun alfarma. Ni a yanzu, duk ranar da na makara sai na tsaya gaban shugabana ina ba da labarin gidana, ina jiran in ga da wace fuska ya tashi. Na san akwai ayyukan da ba sa jira, kamar ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi abokiyar aikinta. Amma mafi yawan ayyukan tebur ba haka suke ba.

Ga shugabannin makarantu kuwa, a buɗe ƙofa rabin sa'a kafin lokaci, a ware aji ɗaya da babban mutum ɗaya da zai zauna da yaran da aka kawo da wuri. A Ingila an fara gwada irin wannan a makarantun firamare 750 a watan Afrilun 2025, har da karin kumallo kyauta. Ni ban ma kai ga neman abinci ba, inuwa da idon babba sun ishe ni. Kuma ba na so a ɗora wa malamai wannan a banza, domin da yawansu iyaye ne da suka baro tasu rigimar a gida. A biya wanda zai yi, a raba kuɗin a kan masu buƙata, ni zan fara biya.

Sai maganar saƙonni. Saƙon da ke shigowa zauren WhatsApp na iyaye ƙarfe tara na dare, cewa gobe kowane yaro ya zo da kwali da almakashi, ga mai abokin zama ƙaramin abu ne: ɗaya ya fita nema, ɗaya ya tsaya da yara. Ni sai dai in tayar da uku daga barci in fita da su, ko ɗana ya je aji hannu rabbana. A ba mu sanarwar kwana biyu ko uku, don Allah.

Game da makara, ban ce a daina kula da ita ba, ni ma ina so 'ya'yana su san darajar lokaci. Amma ɗan firamare ba shi ke riƙe da makullin gida ba, ba shi ke zaɓar hanyar da za a bi ba. Idan ya makara, a bar shi ya shiga aji ya sami darasinsa na farko. A kira ni, ko a rubuto mini takarda, in zo ofishin shugaban makaranta mu zauna, ni da ke da alhakin in amsa tambayar.

Na gode da wannan fili.

Taku,
Wata uwa mai 'ya'ya uku