A riƙa buga taswirar ruwan sama tare da bayaninta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman fili a jaridarku domin in yi magana a kan taswirar ruwan sama mai launi-launi da ake yaɗawa kowace damina, wadda jama'a da yawa suke ɗauka tamkar hoton ƙasa ne, alhali kuwa lissafi ne aka shafa wa launi.

Masu haɗa irin wannan taswira sukan yanka ƙasa gida-gida kamar gidajen dara, su ba kowane gida adadi guda, sannan kwamfuta ta mai da adadin launi. A bayanan ruwan sama da ake kira CHIRPS, waɗanda Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara take fitarwa kuma suka faro daga 1981, faɗin kowane gida digiri 0.05 ne, wato kimanin kilomita biyar da rabi, kuma ana samun adadin ne ta hanyar gwama sanyin saman gajimare da tauraron ɗan'adam ya hango da abin da ma'aunan ruwa na ƙasa suka nuna. Ke nan fili mai murabba'in kilomita kusan 30 adadi ɗaya yake samu, ga shi kuwa kowane manomi a Illela ko Buza ya san ruwa yana iya jiƙa gonarsa sharkaf ya tsallake ta maƙwabcinsa. Wani lokaci ma akan goge iyakokin gidajen domin launuka su narke cikin juna, taswirar ta yi kyan gani, sai mai karatu ya zaci an auna kowane taƙi, har a arewacin Agadas inda ma'aunan suke da nisa ƙwarai tsakaninsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cire jadawalin launuka, wato ɗan bayanin da yake nuna ma'anar kowane launi, saboda ƙarancin fili. Akwai taswirar da take nuna yawan ruwan da ya sauka, akwai kuma wadda take nuna bambancinsa da matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020. A ta biyun, Gaya mai samun kusan milimita 800 a shekara tana iya fitowa ja wur, Tawa mai samun kusan rabin haka ta fito kore shar, kuma duka daidai ne, domin ja yana nufin ruwan bai kai yadda aka saba a wurin ba, kore kuwa ya zarce. Amma wanda bai ga jadawalin ba zai tafi kasuwar hatsi da labarin da ba shi ke nan ba. Idan kuma shafin baƙi da fari ne, ja da kore sukan koma toka iri ɗaya.

Shimfiɗa duniya mai siffar ƙwallo a kan takarda ma yana da tasa illar. Tsarin zana taswira na Mercator na 1569 yana nuna tsibirin Girinlan kusan daidai da Afirka, wadda ta ninka ta sau 14. A Nijar karkacewar ba ta kai haka ba, ko da yake digiri ɗaya daga gabas zuwa yamma kilomita 108 ne a Yamai, ya ragu zuwa kimanin 102 a ƙarshen arewa.

Roƙona shi ne, duk taswirar da za ku buga ta zo da jadawalinta, da kwanakin da ta ƙunsa, da faɗin gidajenta, da sunan wanda ya haɗa ta. Cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma da ruwa da yanayi tana nan Yamai tun 1974, kuma wakilinku zai iya tuntuɓar masananta kafin a kai shafi ɗab'i.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu daga Tawa