Kada Ka Jefar da Tsohuwar Kwamfutarka

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya Alƙahira, yaya karatu? Mu nan Kano lafiya lau, hazo ya sauka, kowa na fama da kaushi da mura. Hajiya kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka dawo.

Saƙonka ya same ni. Ka ce kwamfutarka ta ƙi karɓar Windows 11, har kana tunanin taɓa kuɗin haya ka sayi sabuwa. Don Allah ka dakata. Gaskiya ne wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana neman abin tsaron nan TPM 2.0 da injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Taka ba ta kai ba, tawa ma haka. Amma lafiyarta ƙalau, manhaja ce kawai ta juya mata baya.

Ga abin da na yi wa tawa. Na je Beirut Road na sayi SSD, wato sabon ma'ajin fayiloli mai sauri, aka cire tsohon faifan ajiyar nan mai juyawa. Wallahi da can idan na kunna ta sai na je na ɗora ruwan shayi na dawo tana nan tana nishi. Yanzu kafin in gyara zama ta buɗe. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, SSD za ka saya kafin ƙarin RAM. Sannan na ɗora mata Linux Mint, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Kyauta ce, RAM 4GB ya ishe ta, kuma zubi na 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Ka sauke ta, ka zuba a filash da manhajar Rufus, ka kunna kwamfutar daga filash ɗin. Za ka iya gwada komai, Wi-Fi da sauti da firinta, ba tare da ka goge Windows ba. Sai dai kafin ka taɓa komai, ka kwafe kundin digirinka wuri biyu. Na ce biyu. Ka san abin da ya sami aikina na ajin ƙarshe sanadin bairos ɗin nan mai mayar da fayil gajeriyar hanya. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da za ka rasa. CorelDRAW da Photoshop ba sa aiki a Linux, don haka mai shagon buga katin biki ba zan ba shi wannan shawarar ba. Amma kai rubutu kake yi, LibreOffice, madadin Microsoft Office, ya wadatar. Ka dai riƙa adanawa a docx, kuma ka tura wa malaminka PDF don kada shafuka su goce. Larabci yana tafiya daidai, sannan akwai tsarin madannai na Hausa a ciki, da shi nake rubuto maka ɓ da ɗ da ƙ ɗin nan.

To ga abin da ya sa na zauna na rubuta doguwar wasiƙa maimakon saƙon murya. Daren Juma'a na saka DOSBox, manhajar da ke kunna tsofaffin wasannin DOS, na kunna Prince of Persia. Kiɗan farkon nan na tashi sai na gan mu a kafen bayan makaranta, mu biyu a kujerar roba ɗaya, ka riƙe kibiyoyi ni na ɗora yatsa a kan Shift. Kuɗin awa guda muke haɗawa, wasan kuma minti 60 yake ba ka ka ceto gimbiya daga hannun waziri Jaffar, ga mai kafe a tsaye a kanmu yana duba agogo. Sau nawa aka ɗauke wuta muna tsakiyar tsalle?

Hannuna bai manta ba. Har yanzu na san tayil ɗin da ke rawa kafin ya rufta, na san ƙwarangwal ɗin mataki na 3 ba ya mutuwa sai an tura shi rami. A mataki na 4 na tsallake ta cikin madubi, inuwar yariman ta fice da gudu, na ji tsigar jikina ta tashi kamar ran farko. Ka tuna yadda muka sha wahala a mataki na 12? Duk saran da ka kai wa inuwar, jininka ne ke raguwa. Ashe mayar da takobi kube ake yi, a nufe ta har ku zama ɗaya. Mako uku muka yi kafin wani yaro ɗan aji biyu ya nuna mana.

Daga baya na san dalilin da ya sa gudun yariman yake kama da na mutum. Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiri wasan a 1989 a kan Apple II, ƙaninsa ya ɗauka a bidiyo yana gudu da tsalle, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Wanda muka buga na DOS ne, na 1990. Duk wannan aikin bai cika faifan floppy mai 1.44MB ba, hoto guda na wayarka ya fi shi nauyi.

Babbar 'yata ta zauna kusa da ni tana kallo. Da farko ta ce hoton bai fita ba. Can sai ga ta tana ihu in yi tsalle, ƙusoshi sun fito. Yanzu ita ke tambaya ta yaushe za a kunna. Na yi mata alkawarin wasan Dangerous Dave idan ta gama jarrabawa.

Idan ka saka DOSBox, Alt da Enter ne ke cika allo, Ctrl da F11 kuma yana rage gudu idan wasa ya yi sauri. In ka maƙale wajen ɗora Mint, kira ni bayan isha'i agogonmu, mu bi tare. Ka kuma sanar da ni minti nawa ya rage maka a mataki na 6. Ni da 31 na isa.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
abokin zamanka a kujerar roba