Yadda Kiɗan Depressive Black Metal Ya Sauya Salo

Malam Edita,

Ina so in ja hankalin masu karatu kan depressive black metal, wani reshe na kiɗan black metal (nau'in kiɗan rock na Turawa mai tsananin ƙara) da ya bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, wanda ya rage saurin ganguna, ya riƙa maimaita amon jita mai kaushi, da murya mai kama da kururuwar makoki. Ƙungiyar Shining ta Suwidin, da aka kafa a 1996, daga baya ta shigo da fiyano da jita mai taushi, abin da a ganina ya ƙara wa waƙoƙinta zurfi. Xasthur ta Amurka kuwa aikin mutum ɗaya ce, Scott Conner, wanda ya ajiye salon a 2010, daga bisani ya koma kaɗa jita marar lantarki.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku