Wasiƙa zuwa ga Yayana kan buroshin aski

Marsey, Faransa

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta iske ka lafiya, kai da iyali da Inna da dukan mutanen gida. Ni ma lafiya lau nake, sai godiyar Allah da kewar Maradi. Na saurari saƙon muryar da ka aiko mini daren Juma'a, inda ka ce buroshin da ka saya a babbar kasuwa bai cika wata biyu ba ya fara zubar da gashi a fuskar mutane, ka kuma ce in nemo maka wanda ya fi kowanne kyau ko da yana da tsada. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Abin da na gani a shekara huɗu da na yi ina aski a unguwar Noailles ya nuna mini cewa mai tsadar ba shi zai yi maka aiki ba, kuma ina so ka ji dalili kafin kayan su iso hannunka.

Ka tuna yadda marigayi Baba yake yi a gindin bedin ƙofar gida. Ba shi da buroshi a zabirarsa, ruwa ne a ƙoƙo da ɗan guntun sabulun salo, sai ya jiƙa tafin hannu ya yi ta murza kan mutum, ba ya ɗaukar aska sai ya ji gashi ya yi laushi a ƙarƙashin yatsunsa. To, aikin da tafin hannun Baba yake yi shi ne aikin buroshi: ya kai ruwa cikin gashi, ya kaɗa sabulu ya zama kumfa mai kauri wadda reza za ta sulale a kanta, ya kuma tayar da gashin da ya kwanta. Duk buroshin da ya yi wannan ya biya, ko da marikinsa na roba ne. Amma kafin a zaɓi buroshi sai an san abin da zai kaɗa, domin sabulu da kirim ba halinsu ɗaya ba.

Sabulun aski na kwano ko na sanda, irin Arko da ake yi a Turkiyya, yana da tauri, saboda haka yana son buroshi mai tsauri wanda zai iya kankaro shi. Kirim kuwa, irin Palmolive ko Proraso na Italiya da ake matsowa daga kwalba, ya riga ya sha ruwa tun daga masana'anta, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gyaɗa biyu ya isa fuska guda, kuma buroshi mai laushi ma yana tayar da kumfarsa nan da nan. Akwai kuma abin da nake so ka daina, wato yin aski da sabulun wanki. Garin nan da nake zaune ya yi suna da sabulu a duniya, amma ko a nan babu mai askin da ke aza reza a kan kumfarsa, domin kumfa ce mai manyan idanu wadda ke bushewa kafin a gama kunci ɗaya. Sabulun aski ana haɗa shi da kitse mai yawa da kuma sinadarin nan na toka da matanmu ke dafa sabulun salo da shi, shi ya sa kumfarsa ke tsayawa. Rabin laifin da kake ɗora wa buroshinka, ina jin na sabulun ne.

Buroshin da ake yi wa kirari a nan shi ne na gashin wata dabba, ɗan uwan dagen da ke fasa amya a dajinmu. Faransawa suna kiran dabbar blaireau, kuma da wannan sunan suke kiran buroshin aski kowane iri ne, wanda ke nuna maka yadda ya daɗe a hannunsu. Gidan Plisson na nan Faransa ya kafu tun 1808, Simpsons na Ingila tun 1919, Mühle na Jamus tun 1945, amma galibin gashin da ake aiki da shi yau daga ƙasar Sin yake fitowa. Gashin hawa-hawa ne. Na ƙasa baƙi-baƙi ne yana ɗan sukar fata, na ƙoli kuwa bakinsa fari ne tas, kuma shi ne kuɗinsa kan wuce yuro 100, wato sama da jika 65 na sefa. Maigidana, wani dattijo ɗan Aljeriya, yana da irin wannan guda ɗaya, ba ya fito da shi sai ga tsofaffin abokan cinikinsa. Ranar da ya fara ba ni shi na tsoma a ruwan ɗumi, na ga yadda ya kumbura ya riƙe ruwa kamar soso, na ɗiga kirim a kwano na juya bai fi sau ashirin ba, sai ga kumfa ta miƙe kamar an kaɗa nono. Da na shafa a bayan hannuna, ɗumin ruwan yana nan cikin gashin bai fita ba. Ban taɓa jin abu mai laushi irinsa ba, kuma ba zan rage masa komai ba.

Duk da haka ba naka ba ne, Yaya. Riƙe ɗumi abin so ne ga wanda ke aski cikin sanyin Janairu a ƙasar nan, amma mutumin da ya shigo shagonka da azahar a watan Afrilu sanyi yake nema. Laushinsa kuma yana sa ya daɗe kafin ya ɗebo sabulu mai tauri, ga shi yana ɓoye kumfa mai yawa a cikinsa wadda ƙarshenta wankewa za a yi a zubar. Babbar matsalarsa ita ce bushewa, domin yakan kwana da laima, kuma a damina, idan laima ta zauna a gindin gashin, wari yake yi ya ruɓe. Na taɓa tara kuɗi na sayi matsakaicinsa don kaina, kuma saboda ina so in tsabtace shi sosai sai na tsoma shi a tafasasshen ruwa. Gam ɗin da ke riƙe gindin ya saki, cikin mako biyu gashin ya zube. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma a nan na gane cewa abin da ba ya jure wanki mai tsanani bai dace da wurin da kai ashirin ko talatin ke bi ta ƙarƙashinsa a yini ba.

Wanda ya fi yawa a shagunan Italiya da Fotugal shi ne na gashin alade, kuma wajibi ne in gaya maka wannan a fili, domin da yawa daga masu araha da ake sayarwa a kasuwa da shi aka yi su, mai saye bai sani ba. Za ka gane shi da kaurin silin gashinsa da launinsa mai kama da ƙaiƙayi, wani lokaci kuma sukan zana masa baƙin layi a tsakiya don ya yi kama da mai tsada. Gidan Omega na birnin Bolonya da gidan Semogue na Fotugal sun yi fice a kansa, kuma yuro 10 ma kan saya. Ta fuskar aiki babu wanda ya kai shi kankaro sabulu mai tauri, sai dai yana buƙatar a jiƙa shi na ɗan lokaci kafin a fara, kuma sabonsa yana da kaifi, sai ya yi makonni ana aiki da shi bakin kowane sili ya tsage biyu kafin ya yi laushi. Hukuncinsa na bar wa malamai. Abin da na sani shi ne raina bai kwanta da in shafa shi a fuskar wanda zai tashi daga kujerata ya tafi masallaci ba, kuma na san mutanen unguwarmu, ranar da ɗaya ya ji labari, ranar shagonka zai zama kufai. Ka duba wanda ke hannunka yanzu da kyau.

Na gashin doki shi ne ya fi kwanta mini a rai don amfanin kaina. Gidan Vie-Long na ƙasar Sifen ne suka riƙe sana'arsa, suna gauraya gashin geza mai laushi da na wutsiya mai ƙarfi, kuma daga jikin doki mai rai ake yanko shi lokacin gyara. Yana tsakanin biyun da na ambata, yana iya sabulu yana iya kirim, illarsa kawai yakan sarƙe a tsakiya idan ana danna shi da ƙarfi ana juyawa. Ya taɓa ɓata suna a lokacin yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, sa'ad da aka yi buroshi da gashin dokin da ba a tsabtace ba, sojojin Ingila da na Amurka suka riƙa kamuwa da ciwon saifa na dabbobi ta wurin yankan reza. Na yanzu ana tsabtace su kafin a ɗaure, amma labarin ya isa ya hana mutum yanko wutsiyar doki a gida ya ce zai haɗa nasa.

Wanda na zaɓa maka shi ne na zaren roba. Na san za ka ce ai irinsa ne kake gani a tebur yana tsaye kamar tsintsiya, amma waɗancan na da ne. Na yanzu ana sirantar da bakin kowane zare har ya kusa kai na dabba laushi, gindinsa kuma yana da ƙarfin da zai ɗebo sabulu. Da shi muke aiki a shagonmu daga safe zuwa dare. Ba a jiƙa shi, ba ya wari, ba ya cin sabulu da yawa, kuma saboda zaren ba ya shan ruwa, idan ka wanke ka yarfe ka goga a tawul, kafin ka gama kai biyu ya kusa bushewa, balle a iskar Maradi. Abin da ya fi muhimmanci gare ni shi ne yana jure maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowa ya yarda yanzu cewa kowane kai da sabuwar rezarsa, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini, amma an manta cewa buroshin ma yana komawa kan fatar da reza ta riga ta bi. Na ga wannan sakaci a shaguna da yawa har a nan, kuma ba na so a same shi a naka.

Yana da hali guda da sai ka saba da shi. Tunda ruwan a tsakanin zaren yake maƙalewa, idan ka danna shi da ruwa a ciki sai ya tsiyayo ta mariki ya gangaro maka har gwiwar hannu. Saboda haka ka tsoma, ka yarfe sau biyu har ya zama danshi kawai, sannan ka juya bakinsa a kan sabulu kamar rabin minti, har ka ga ya ɗauko wani abu mai kauri kamar kullu. Daga nan ka koma kwano ko kan mutum, kana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo da yatsa. Idan kumfa tana da idanu, ruwa ya yi yawa ko kaɗawa ba ta isa ba. Idan ta yi fari busasshe tana jan reza, tana son ruwa. Wadda ake nema ita ce mai sheƙi, wadda idan ka ɗaga buroshi za ta tsaya da tsini ba ta faɗi ba. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da komai, ka riƙa shafa wa rabin kai ka aske, sannan ka shafa wa sauran.

Game da girma, na lura cewa aikinka ya bambanta da namu, domin mutanenmu da yawa suna barin gemu, abin da suke so shi ne askin kai da gyaran saje da ƙeya da ƙarƙashin wuya. Don haka na saya maka manya biyu masu faɗin gindi milimita 26 saboda kai, da ƙarami ɗaya mai milimita 21 saboda gyaran fuska, wanda ba zai cusa wa mutum kumfa a hanci da kunne ba. Ka riƙa juya manyan, ɗaya yana aiki ɗaya yana bushewa, musamman ranar jajibirin Salla da layi ke kaiwa bakin titi. Su ukun duka ba su kai rabin kuɗin mai farin bakin nan guda ɗaya ba.

Na haɗa da sandar Arko shida da kirim kwalba biyu. Shawarata ita ce kada ka riƙa mayar da buroshi kan sandar sabulun da kowa zai yi amfani da ita. Ka yanki ɗan siriri ka manna a gindin kwano don mutum ɗaya, in an gama a wanke kwanon. Kirim ɗin Proraso mai koren kwali akwai man itacen turare da abin sanyaya fata a ciki, na tabbata za a so shi da bazara, amma kada ya kusanci kan jariri idan aka kira ka askin suna. Wannan ka bar shi yadda Baba ya koya mana, ruwa mai tsabta da hannu mai sauƙi.

Idan ka tashi daga aiki, ka wanke su da ruwan ɗumi wanda hannu ke iya jurewa har sai ruwan ya fito garau daga gindi, ka bar su a inuwa inda iska ke ratsawa, kada ka rufe su a leda ko ka shanya su a kan kwanon rufi. Na doki guda ɗaya da za ka gani a naɗe daban na Kawu ne, tunda shi yake yi wa kansa gyaran fuska, ka nuna masa ya riƙa shafawa kamar mai fenti, kada ya danna.

Kayan suna hannun wani ɗan garinmu da zai sauka Yamai a ƙarshen wata, daga can zai sa su a mota, zan kira ka in gaya maka ranar. Idan ka yi wata guda kana aiki da su, ka aiko mini labarin yadda suka yi da ruwan famfon unguwa da kuma wanda mutane suka fi so tsakanin sabulun da kirim, don in san abin da zan ƙaro. Ka gaishe mini da Inna ƙwarai, ka ce ina neman addu'arta, ka gaida matarka da yara da yaran shago. Allah ya sa albarka a sana'a, ya jiƙan Baba.

Wassalam,
Ƙaninka